Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan 'Yan Sandan Jihar Zamfara: Ko A Kai Mutum Kotu, Ko A Sallame Shi A Rubuce

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da jami'anka, ina miƙa ta'aziyyar waɗanda suka rasu a bakin aiki a dazukan jihar nan da hanyoyinta. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Aikin kotu na yi har na yi ritaya, amma ajiye aikin bai raba ni da caji ofis ba, domin a unguwa duk wanda aka kama wa ɗa, dattijo mai gida da takardar fansho ake nema ya je ya tsaya masa. Abin da ya sa na rubuto maka ta inda kowa zai gani shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare har mutane sun fara daina jin ɗacinta. A kama mutum a kan zargi, a ba da shi beli, sannan a bar maganarsa a buɗe. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kuma ce masa an gama da shi ba. Kullum dai "ka dawo ranar Litinin." Damina ta wuce, a yi girbi, a shiga rani, mutum yana nan a hannu. Roƙona guda ɗaya ne: duk wanda jami'anka suka buɗe wa fayil a yanka masa wa'adi. In wa'adin ya cika, ko a gurfanar da shi, ko a damƙa masa takarda cewa ba a ƙara bukatar zuwansa.

Kada wani ya ce ban san halin da ake ciki ba. A Zamfara nake kwana nake tashi. Na san yadda ake duba agogo kafin a kama hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, na san addu'ar da ake yi wa mai tafiya Ɗansadau ko Shinkafi ko Zurmi. Na kuma san ɓarayin daji ba sa shigowa gari da ka. Akwai mai nuna musu gidan da aka sayar da shanu jiya, akwai mai kai musu fetur da burodi da ƙwaya da katin waya. Tun daga sace 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, babu iyayen da ke barci da ido biyu a rufe a ƙauyukanmu. Da aka rufe layukan waya a watan Satumba na wannan shekarar, aka tsayar da kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, mun cije mun haƙura saboda mun san dalili. Infoma na nan, kuma wanda aka kama da hujja ba ni da abin da zan roƙa masa sai shari'ar gaskiya.

To amma sanin haka ne ya sa dole a yi kaffa-kaffa da wannan zargi. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane da masu kai musu bayanai. Tun kafin dokar ma, a garuruwanmu in aka ce wane infoma ne, ba alƙali mutane ke jira ba. Kowa ya san abin da ya sha faruwa a kasuwanni da bakin hanya a hannun fusatattu da 'yan sa-kai. Saboda haka idan motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gidan mutum sau ɗaya, unguwa za ta yi gunaguni ta yi shiru. Idan ta yi ta dawowa, ko aka riƙa ganinsa mako-mako yana shiga caji ofis, unguwa ta riga ta yanke nata hukuncin. Jami'in da ke jan bincike ba tare da ƙarewa ba, ko ya sani ko bai sani ba, da ran mutum yake wasa.

Bari in ba ka labarin wani yaro da na tsaya wa, ba zan faɗi sunansa ko ofishin ba. Sana'arsa cajin waya: ɗan shago na kwano, ƙaramin janareta, katako mai jerin soket, kowace waya an manna mata takarda da lambar mai ita. An kama wani mutum da ake zargi, aka tarar da lambar yaron a wayarsa, an kira ta sau da dama. Mai cajin waya kuwa rabin unguwa na da lambarsa, don a kira shi a ji ko ya buɗe ko waya ta cika. Aka zo da rana tsaka aka ɗauke shi, aka juye wayoyin mutane duka a buhun leda aka tafi da su. Ya kwana bayan kanta, aka ɗauki bayaninsa, washegari da yamma aka ba ni shi.

Daga nan aka shiga zarya. Zai rufe shago ya isa da hantsi, ya zauna a bencin da ke baranda. Ɗan sandan da ke riƙe da fayil ɗin ya fita aiki, ko an tura shi rakiya, ko yana hedikwata. Azahar ta yi, ya nemi izini ya yi salla ya dawo bencin. Wajen la'asar wani zai leƙo ya ce, "Kai, oga ba ya nan, ka dawo jibi." Ranar da aka sami ogan kuwa, tambayoyin ranar farko ake maimaitawa, ba sabuwar ko ɗaya, a ƙarshe a ce mota ba mai kuma ana son zuwa duba wani abu a kan maganarsa. Masu wayoyi suka taso shi gaba, ya sayar da janaretan ya biya waɗanda suka fi matsa masa. Mai shagon ya ce ba ya son fitina a wurinsa. Gidan da aka sa masa rana suka aiko cewa a dakata tukuna sai ƙura ta lafa, kuma kowa ya san ma'anar wannan dakatawa. Wata rana a masallaci ya shiga sahu, wanda ke gefensa ya ja da baya ya canza wuri. Wannan ce ta sa shi kuka a gabana, ba kwanan sel ba.

A ƙarshe ya tattara ya bar jihar ya tafi ci-rani. Har yau ba a kai shi kotu ba, ba a kuma ce masa ba shi da laifi ba. A takarda ni ne har yanzu nake riƙe da shi.

Ranka ya daɗe, ka dubi maganar ta fuskar doka. Laifin da hukuncinsa kisa ne, DPO ba shi da ikon ba da belin wanda ake zargi da shi. In da an sami abin kamawa a kan yaron nan, da ba a ba ni shi ba, kotu za a kai shi a nemi izinin tsare shi. Sakinsa da aka yi shaida ce cewa masu binciken da kansu ba su ga hujja ba. To me ya hana a faɗa masa haka? Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 31, ta yarda a saki mutum bisa sharaɗin ya riƙa zuwa ofis a lokutan da aka rubuta masa idan bincike bai kammala ba, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita wannan tanadi. Amma a cikin jimlar guda an ce sai fa in shugaban ofishin ya ba shi sanarwa a rubuce cewa ba a bukatar zuwansa. Ashe takardar da nake roƙo ba baƙuwa ba ce, dokarku ta san da ita. A tsawon zaman da na yi a kotu da wanda nake yi a barandar caji ofis, ban taɓa ganin an miƙa wa talaka irinta ba. Dokar ba ta ƙayyade sau nawa za a kira mutum ba, kuma ta wannan kafar ce cin zalin ke shigowa.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar duhu a nan ba. Sashe na 36(5) ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. In wanda aka riga aka tuhuma a kotu yana da wannan kariya, ina ga wanda ko tuhumar ba a yi masa ba? Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Na san ƙaramin sashe na 7 ya cire masu laifin kisa daga wannan ƙa'idar lokaci, kuma na ga yadda ake fakewa da shi: da zarar an rubuta "haɗa baki da 'yan bindiga" a saman takarda, sai a ɗauka agogo ya tsaya. Amma sashen cewa ya yi zargi mai tushe. Lamba a waya ita kaɗai ba tushe ba ce, haka nan ƙorafin maƙwabcin da ake rigimar gona da shi. Sashe na 35(6) kuma ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Mutanenmu ba su cika zuwa Babbar Kotu neman wannan ba, saboda ba su da kuɗin lauya kuma suna tsoron abin da zai biyo baya. Rashin ƙararsu ba ya nufin ba a cuce su ba.

Akwai maganar da ake faɗa a shaguna da majalisu, ba a faɗa a gabanka, ni kuwa zan faɗa. Fayil ɗin da aka bari a buɗe saniyar tatsa ce. A bangon kusan kowane ofis an rubuta beli kyauta ne, amma wanda ya taɓa tsaya wa wani ya san kuɗin takarda da kuɗin biro da kuɗin mai da "a ga oga." Ranar da aka rufe fayil, ranar wannan kafa ta toshe. Ban ce duk jami'anka haka suke ba. Na san masu bincike da ke sayen takarda da mai daga aljihunsu, na san wanda ya taɓa mayar mini da abin da iyayen yaro suka cusa masa, ya ce in gaya musu su ji tsoron Allah. Na kuma san ofisoshi da yawa ba a ba su abin gudanarwa da zai isa. Sai dai gibin da gwamnati ta bari, ba mai shayi da ɗan kabu-kabu ne za su cike shi da 'yancinsu ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kama wani a madadin wani. An je neman magidanci ba a same shi ba, sai a taho da ƙanensa, ko tsohon ubansa, ko matarsa, a ce in yana son su ya kawo kansa. Na taɓa shiga wani ofis na tarar da mace zaune a ƙasa bayan kanta, da goyo, ta ja hijabi ta rufe fuska don kunyar mazan da ke shige da fice. Tun safe take nan. Jaririn na kuka, tana jin nauyin ba shi nono a wurin. Na tambayi laifinta, aka ce ba ta da laifi, mijinta ake nema. Haka aka faɗa, kai tsaye, ba tare da jin an yi wani abu ba. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya haramta wannan ƙarara, kamar yadda sashe na 7 na dokar 2015 ya haramta. Dokar hana azabtarwa ta 2017, wadda hukuncinta ke kaiwa ɗaurin shekara 25, ba ta tsaya ga duka da ratayewa ba, ta lissafa azabar zuciya, har da razana mutum da cutar da danginsa.

Ko babu waɗannan dokoki, mu a nan ba mu da uzuri. Zamfara ce jihar da ta fara shelar shari'ar Musulunci a 1999, kuma ɗan makarantar allo ma ya san cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, hujja kuma tana wuyan mai da'awa. Abin da ake yi yanzu ya juya wannan: an ɗora wa wanda ake zargi nauyin wanke kansa, kuma ba a nuna masa inda zai je ya yi wankan ba.

Sai maganar kaya. Babur ga mutumin ƙauye shi ne gona, shi ne kasuwa, shi ne motar asibiti. Ka zaga bayan ofisoshinku ka ga babura jere, tayoyi sun sace, rana ta cinye kujeru, ciyawa ta fito ta tsakanin waya. Wasu kayan shaida ne na gaske. Da yawa kuwa na mutanen da aka saka tuntuni ne, waɗanda aka ce musu babur sai an gama bincike. Dokar 'Yan Sanda ta ce a rubuta duk abin da aka karɓa daga hannun wanda aka kama, a sa hannu, a ba shi kwafi, kuma in an sake shi ba tare da tuhuma ba a mayar masa da kayansa matuƙar ba su da alaƙa da laifi. Mutum nawa ne a Bungudu ko Maradun ko Bukkuyum suka taɓa fita da wannan kwafi a aljihu? Waya kuma ta fi babur haɗari, domin sirrin gida ne a cikinta. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare gidan mutum da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Amma sai a karɓe ta, a tilasta masa ya buɗe, a bi hotunan iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, a kira abokan cinikinsa a ce daga ofishin 'yan sanda ne ana bincikensa. Kira uku irin wannan sun isa su kashe kasuwar ɗan kasuwa, domin ba mai sake ba shi kaya bashi.

Ina so in taɓo wani wuri mai ciwo. Rikicin jihar nan ya raba Bahaushe da Bafulatani da suka yi zaman ɗaruruwan shekaru tare, kuma zargi ya koma bin kama da shiga. Bafulatani ya shigo kasuwa da sanda da rawani ya sayi gishiri da dusa da yawa, an ce na daji ne. Saurayi ya tara gashi ko ya sayi sabon babur, an ce ina ya samu. Mutumin ƙauyen da 'yan bindiga suka ɗora wa haraji kafin ya yi noma, wanda ya biya don kada a kashe masa 'ya'ya, in ya shigo gari an ce yana hulɗa da su. Gaba kura baya sayaki. Sashe na 54 na Dokar 'Yan Sanda ya ce launin mutum da shekarunsa da askinsa da suturarsa ba sa zama dalilin zargi, haka nan ɗaukar cewa wasu jinsin mutane sun fi kusa da aikata laifi. Duk makiyayin kirki da aka wulaƙanta a gari a kan kamanninsa, an ƙara wa masu zuga na daji hujjar da suke jan matasa da ita, cewa ba su da wurin zama a cikinmu.

Rigimar bashi da ciniki kuwa ba zan tsaya a kanta ba. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko abin da ya shafi haƙƙi tsakanin mutum da mutum. Wanda ake bi kuɗin buhun waken suya kotu ce wurinsa, kuma muna da kotunan shari'a da na majistare a kowace ƙaramar hukuma cikin 14. Mai kuɗi ya daina aron kakin gwamnati yana karɓar bashi da shi.

Holin waɗanda ake zargi gaban 'yan jarida shi ma yana cikin wannan babi. A zaunar da mutane a ƙasa, a jera bindigogi da wayoyi a gabansu, a miƙa musu makirufo su amsa laifi. Kafin magariba hoton ya zaga Facebook da WhatsApp, ya isa ƙauyensu. Jihar Legas ta haramta wannan a dokarta tun 2021, kuma a farkon 2025 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya jaddada umarnin hana shi a faɗin ƙasa. Ina roƙon wannan umarni ya zauna daram a Zamfara, har da hotunan da ke fita ta bayan fage daga wayoyin jami'ai. Na fahimci jama'a na son ganin ana aiki, kuma jami'an da suka sha wuya a daji suna son a san sun yi. Amma a cikin mutum goma da aka jera, in biyu ba su ji ba ba su gani ba, wa zai bi wayoyin duniya ya goge fuskokinsu? Ranar da aka sake su ba a kiran 'yan jarida.

In ka ajiye maganar haƙƙi gefe ka dubi aikinka kawai, lissafin bai fita ba. Yaƙin da kuke yi da bayanai ake cinsa, bayanai kuwa suna hannun mai cajin waya da mai POS da ɗan kabu-kabu da mai sayar da mai a bakin hanya da matar da ke kai nono kasuwa. Su ne ke ganin baƙuwar fuska, su ne ke jin wanda ya yi waya da dare. Kowannensu ya ga abin da ya sami ɗan'uwansa da ya shiga caji ofis. Na sha jin dattawa na gargaɗin 'ya'yansu cewa ko me ka gani ka kama bakinka, kada ka je ba da labari a mayar da kai mai laifi. Wannan shirun ɓarayi yake yi wa aiki. Ga kuma lokacin jami'ai: awannin da mai bincike ke ɓatawa a kan fayil ɗin da ya san ba komai a ciki, an zare su ne daga fayil ɗin wanda aka sace wa 'ya. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, wadda ta kai ga rusa rundunar SARS, ba ta yi ƙarfi a nan ba, har wasu suka fito suna cewa mu tsaro muke nema. Kada a ɗauki wannan a matsayin lasisi. Mutanen da suka ba ku uzuri a lokacin da wasu suka juya muku baya sun cancanci a fi kyautata musu.

Abin da nake nema bai bukatar sabuwar doka ko kasafin kuɗi daga Abuja, umarni ne daga teburinka. Ka sa kowane DPO ya buɗe rajistar waɗanda ke kan belin 'yan sanda, da ranar da aka kama su da ranar da za a yanke shawara a kansu. Ni a ganina wata ɗaya ya isa ga yawancin ƙananan maganganu. Wanda ke bukatar ƙari, mai binciken ya rubuto dalili, wani babba a sama da shi ya sa hannu. Kada a kira mutum ofis sai akwai sabuwar tambaya da za a yi masa, kuma in an kira shi a rubuta ranar da sa'ar da ya zo da wadda ya tafi. In an aika fayil Ma'aikatar Shari'a neman shawara, a gaya masa ranar da aka aika, don ya san inda maganarsa take kwance. In kuwa an ga ba komai, a ba shi takardar sallama mai hatimi, da Hausa da Turanci, tare da kayansa, a kuma sauke wanda ya tsaya masa. Da wannan 'yar takarda zai je wurin mai unguwa da limami da surukai da mai gidan haya. Inda zargin ya riga ya yi ƙamari, DPO ya aika wa hakimi ko dagaci cewa an bincika ba a sami komai ba, don a sanar da jama'a. Wanda aka shafa wa kashin kaji a bainar jama'a, a bainar jama'a ya kamata a wanke shi.

Sauran kayan aikin duk suna cikin dokarku. Sashe na 66(3) na Dokar 'Yan Sanda ya ce a kowane ofishin da DPO ke shugabanta a ajiye ɗan sanda lauya da zai kula da kiyaye haƙƙin ɗan Adam. Sashe na 70 ya ce babban majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, ya ba da beli inda ya dace. Ina roƙon ka buɗe wa majistarorin ƙofa da hannu biyu, ka kuma nuna musu rajistar masu zarya, ba waɗanda ke cikin sel kaɗai ba, domin mai zarya ba ya bayyana a lissafin tsararru. Ta nan ina jan hankalin Babban Jojin Jiha da Kwamishinan Shari'a, da ƙungiyar lauyoyi reshen Gusau, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Ba da Agajin Lauya, cewa wannan nauyi har da su. Sashen karɓar koke na rundunar, wanda aka kafa tun 2015, a riƙa sanar da lambobinsa da Hausa a gidajen rediyo, domin mutumin Gummi ko Birnin Magaji rediyo yake saurare, ba shafin intanet ba. Askarawa, wato jami'an tsaron al'umma da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a farkon 2024 su ma suna kamo mutane su kawo muku. Duk wanda suka kawo, a auna zarginsa da ma'aunin da doka ta sa, kada kawowar ta zama hujja.

Ranka ya daɗe, ba sai ka gaskata ni ba. Ka zaɓi ofis ɗaya a cikin Gusau da ɗaya a wajenta, ka je ba sanarwa ranar Litinin da hantsi, ka tambayi mutanen da ke zaune a baranda ɗaya bayan ɗaya tun yaushe suke zuwa, da kuma ko an taɓa kai su kotu. Sannan ka nemi fayilolinsu ka duba kwanan watan takarda ta ƙarshe da aka saka a ciki. Abin da ka gani, ina roƙon ka faɗa wa jama'ar jihar nan da bakinka, tare da ranar da umarnin zai fara aiki.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da jami'anka, ya dawo mana da zaman lafiya.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin kotu,
Gusau.